Mun Tafa wa Ɗan Ikko, Mun Kori Ɗan Kwarbai

'Yan'uwana ɗalibai, da ku yayyenmu da kuka riga mu fita kuka kama aikin gwamnati, akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau kuwa sai na faɗe ta, ko da za a ce yaron nan karatu ya taɓa masa kai. Maganar rawa ce. Na sani, da jin wannan kalma wasunku sun taɓe baki, wasu kuwa har sun lashi yatsa za su juya shafi. To, ku dakata tukuna. Wannan taɓe baki da kuka yi shi ne ainihin cutar da na zo mu yi magana a kanta.

A cikin watan Yuni na shekarar 2020 wani yaro mai shekara 11, ana kiransa Anthony Madu, ya tsaya ba takalmi a kan daɓen siminti a unguwar Ajangbadi ta birnin Ikko, watau Legas, ruwan sama na dukansa, yana ta juyi a kan ƙafa ɗaya, yana tashi sama yana dira, irin na rawar nan ta Turawa da ake kira bale. Aka ɗauki hotonsa mai motsi aka sa a intanet, kafin ka ce kwabo miliyoyin mutane sun kalla. Mu ma nan Zariya ba a bar mu a baya ba, mun yi ta tura wa juna a waya muna cewa, kai, lalle ƙasar nan akwai baiwa!

Amma baiwa kaɗai ba ta koya wa yaro tsayuwa a kan ƙafa ɗaya. A bayan yaron nan akwai makaranta. Wani saurayi ne, Daniel Ajala, wanda shi kansa daga kallon hotuna masu motsi a intanet ya koyi rawar, ya buɗe ta a 2017 da sunan Leap of Dance Academy, bisa niyyar koya wa 'ya'yan talakawan unguwarsu kyauta, ba don neman riba ba. Daga wannan ɗan wuri ne yaron ya sami gurbin karatu a makarantar bale ta Elmhurst a Birmingham ta Ingila, har a 2024 kamfanin Disney ya fitar da fim a kan rayuwarsa.

Ba na yi wa yaron nan hassada, Allah ya ƙara masa ɗaukaka. Tambayata ga masu tafin ce. Kai da ka tura hoton ga abokanka goma, in ka koma gida hutu ka tarar da ƙanenka a ƙofar gidanku a Kwarbai ya ji kalangu ya motsa kafaɗa, me za ka yi masa? Ni na san amsar, kai ma ka sani. Ranƙwashi zai sha, a bi shi da gori, a ce zai zama maroƙi, zai ja wa gida abin kunya. Ashe tafin da muka yi ba rawa muka tafa wa ba, Turanci muka tafa wa.

Mece ce bale?

Bari mu cire wa abin nan rawanin da muka naɗa masa mu dube shi da kyau. Bale ba daga sama ta sauko ba. Rawar fada ce, wadda ta tashi a gidajen sarakunan Italiya ta bunƙasa a fadar Faransa, kamar yadda kowace fada a ƙasar Hausa take da makaɗanta. Abin da ya raba ta da sauran raye-rayen duniya shi ne a 1661 Sarkin Faransa Luwi na 14 ya kafa mata majalisar gwanaye a birnin Faris. Aka zauna aka ƙayyade tsayuwar ƙafa iri biyar wadda kowane motsi ke tashi daga gare ta, aka raɗa wa kowane taku suna, har ya zamana yau ko a Ikko ko a Rasha da sunayen nan na Faransanci ake koyar da ita. A 1738 aka buɗe makarantarta a birnin Petersburg na Rasha, inda ake ɗaukar yaro yana wajen shekara goma a horar da shi shekara takwas.

Watau dai bale rawar gargajiya ce ta Turawa wadda ta yi dace da makaranta. Ba ni na fara faɗin haka ba, tun 1970 wata masaniyar al'adu ta Amurka, Joann Kealiinohomoku, ta rubuta maƙala tana nuna cewa bale ma rawar wata ƙabila ce kamar kowace. Fifikon da take da shi a kan rawar 'yan hoto ba na asali ba ne. Ita tana da ɗaki, da malami mai albashi, da manhaja, da sunaye a rubuce. Tamu kuwa tana da tsofaffi da ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

Abin da muke da shi

Kada wani ya ce ba mu da abin koyarwa. A tambayi kowace gyatuma a cikin ganuwar birnin nan, daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan, yadda ake gaɗa a dandali da farin wata: 'yan mata su yi da'ira suna tafi, ɗaya ta fito tsakiya ta taka, sa'an nan ta koma da baya ta saki jikinta gaba ɗaya, ƙawayenta su cafe ta su cilla ta ta dira daidai da tafi. Wanda ya ce wannan ba ya bukatar lissafin lokaci da horon jiki da amincewa da ɗan'uwa, to ya gwada ya gani. Ga 'yan hoto masu cilla galma sama su tare ta da jiki a kan gangar noma. Ga rawar mahauta da kalangu, ga ta maharba, ga ta 'yan tauri, ga takkai ta samari da sanduna. Ga tashe daga goma ga watan azumi, ga kalankuwa bayan an kawar da amfanin gona, inda samari ke naɗa sarkinsu da fadawansa su koyi shugabanci cikin wasa.

Duk wannan yana da makarantarsa a da, sunanta dandali. Babu kuɗin shiga, babu rajista, babba ya koya wa ƙarami. Wanda ke son shaida ya karanta labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta ɗauka daga bakinta a nan ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, aka buga a 1954, ya ga yadda kiɗa da rawa suke tafe da rayuwar 'ya mace tun daga ƙuruciya har ɗakin miji. A shekarun 1960 wani Ba'amurke, David Ames, ya zo Zariya ya zauna da makaɗanmu, ya tambaye su sunan kowane kayan kiɗa da kowane take, shi da Anthony King suka fitar da ƙamus na kiɗan Hausa a 1971, aka buga shi a Amurka. Namu ma sun yi ƙoƙari, irin su marigayi Ibrahim Yaro Yahaya da ya tattara wasannin yara a littattafansa na Tatsuniyoyi da Wasanni. Sai dai rawa ba a takarda take zama ba, a jiki take zama. Littafi zai gaya maka sunan taku, amma ba zai kama ƙafarka ya gyara maka ba.

Yau ina dandalin? An yanka filayen an gina shaguna, tsoron dare ya kore yara cikin gida tun magariba, abin da ya rage kuma talabijin da waya sun cinye. Kada kuwa mu ruɗi kanmu mu ce yaranmu sun daina rawa. Suna yi, wallahi suna yi, sai dai ta finafinan Indiya da ta TikTok, a ƙuryar ɗaki, ba babba a kusa. Uban da ya hana ɗansa rawar gidansu bai hana shi rawa ba, ya dai miƙa shi ga wani malami ne wanda bai san fuskarsa ba, bai kuma san abin da yake koya masa ba.

Laifin wa?

Laifi na farko namu ne, mu 'yan boko. Mun mai da al'ada kayan tarbar baƙi. Ina firamare aka taɓa zaɓen mu, mu ashirin da wani abu, aka yi mako biyu ana koya mana wata rawa da ba a ko gaya mana sunanta ba, domin wani babban mutum zai zo buɗe aji. Ranar muka tsaya a rana tun hantsi har bayan azahar, ya iso ya kalle mu minti uku yana duban agogo, aka raba mana lemo, aka karɓe kayan da aka ara mana, ba a sake yi mana maganar ba har muka bar makarantar. Tsohon da ya koya mana kuwa a ƙasa ya zauna, ba wanda ya ba shi kujera. Wannan ita ce manufarmu game da al'ada a taƙaice. Haka muka yi a babban mataki a 1977, lokacin bikin FESTAC, aka kashe dukiya mai yawa a Ikko, aka yi gagarumin hawan daba a Kaduna, duniya ta kalla ta watse. To, wanda ya san ɗaki guda da bikin nan ya bari a cikin birnin Zariya inda yaro zai je ya koyi taku, ya zo ya kama hannuna ya kai ni.

Ba na mance alherin jami'armu. A tsakiyar shekarun 1970 Michael Etherton ya kafa karatun wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello, aka gina masa fage na tubali a Samaru bisa fasalin gidan Bahaushe, wanda Steven Ehrlich ya zana. Daga nan malamai da ɗalibai suka fita ƙauyuka irin su Soba da Maska da Bomo suna shirya wasa tare da manoma a kan matsalolinsu. A Kano kuma ga 'yan Koroso na Hukumar Tarihi da Al'adu, sun nuna cewa rawarmu tana hawa fage ta zauna daram. Amma jami'a sai wanda ya ci jarrabawa take karɓa, sa'ad da ƙashi ya riga ya yi tauri, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Daga Samaru zuwa Ƙofar Doka tafiyar da ba ta kai awa guda ba ce a mota, amma ga yaron Babban Dodo sai ka ce bangon duniya ne.

Na biyu su ne masu cewa duk wata rawa shaiɗanci ce. Waɗannan ba na yi musu izgili, domin tsoronsu yana da tushe. Malaman jihadi sun yi tir da cuɗanyar maza da mata a fagen kiɗa, da shagalar da ke sa a bar salla, kuma duk wanda ya ga abin da ake yi a wasu bukukuwa a yau ya san ba su yi ƙarya ba. Ni ba malami ba ne, amma na san ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Habashawa sun yi wasa da masu a masallacin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Nana A'isha tana kallo. Ashe ke nan abin dubawa shi ne wace rawa, a ina, da wa, a wane lokaci. Waɗannan tambayoyi huɗu kuwa makaranta ce kaɗai ke iya amsa su, waya ba ta iyawa. 'Yan mata a cikin gida da malamai mata, samari a nasu wurin, tsakanin la'asar da magariba, a tashi in an kira salla. Wa ya fi tsare tarbiyya, wannan ko ƙuryar ɗaki?

Na uku su ne 'yan gayu, waɗanda da sun ji wannan magana za su ce madalla, a kawo bale Zariya, a ɗinka wa 'ya'yan manya fararen riguna, a sa kuɗin wata. Zanen aro ba ya rufe katara. Mu a garin nan mun san wannan ciniki tun zamanin Turawa: a noma auduga a ƙasar Zazzau, a gurje ta a Zariya, a loda a jirgin ƙasa zuwa masaƙun Ingila, sa'an nan a dawo mana da ita atamfa mu saya da tsada. Makarantar da ba ta da ma'aunin nasara sai yawan yaran da ta tura waje, injin gurzar auduga ce, ko da kyauta take. Wannan ba laifin Ajala ba ne, shi ya yi abin da ya iya da abin da ke hannunsa. Laifin ƙasar da ba ta tanadi fagen da ɗanta zai dawo ya taka ba ne.

Abin koyi a wurin bale tsarinta ne, ba tufafinta ba. Dubi Arthur Mitchell, baƙar fata wanda ya kai ƙololuwa a babbar ƙungiyar bale ta birnin Niyok. Da aka kashe Martin Luther King a 1968 sai ya juya ya koma unguwarsu ta Harlem, a 1969 ya kafa makaranta da ƙungiya domin 'ya'yan unguwar. Bai kwashe su ya kai wa wasu ba, shi ya koma gare su. Mu ma a nan muna da misali a ƙofar gida. A Zariya ne Abubakar Imam ya zauna a shekarun 1930 ya ɗebo labarai daga Larabawa da Indiyawa da Turawa, ya sa musu riga da hula, ya fitar da Magana Jari Ce. Ya ari dabara, bai ari baki ba. Abin da aka yi wa labari a garin nan, me zai hana a yi wa taku?

Don me ba gwamnati ba?

Na san wani zai ce a rubuta wa ma'aikatar al'adu. Kafin ya ɗauki biro ya ji labari biyu. Keita Fodeba na ƙasar Gini ya kafa ƙungiyar Ballets Africains a Faris a 1952, ya nuna wa duniya cewa rawar Afirka tana cika manyan zauruka. Bayan 'yancin kai a 1958 ƙungiyar ta zama ta gwamnatin Sekou Toure, shi kuma ya zama minista. A 1969 gwamnatin nan ta kama shi, bai fito daga kurkukun Boiro da rai ba. A Senegal kuma Shugaba Senghor da Maurice Bejart suka buɗe makarantar Mudra Afrique a Dakar a 1977, Germaine Acogny tana shugabanta. Senghor ya sauka a ƙarshen 1980, ba a yi wasu shekaru masu yawa ba makarantar ta rufe. Sai da Acogny ta koma ta kafa tata ƙungiyar, ta gina makarantar Ecole des Sables a ƙauyen Toubab Dialaw, aka buɗe ta a 2004. Darasin a fili yake: abin da gwamna ya shuka, canjin gwamna ke tuge shi. Makarantar da za ta daɗe sai ta zama ta jama'a, ba ta gwamnati ba, ba kuma ta ɗan kasuwa ba.

Ga abin da nake kira a yi

A kafa makarantar rawa da kiɗa ta yara a cikin ganuwa, ba a Samaru ba, ba a unguwar manyan ma'aikata ba. Ba ta bukatar bene, zaure da tsakar gida sun isa.

Ta zama kyauta, kuma kada a tambayi yaro ɗan wane ne. Ɗan mahauci da ɗan sarauta da almajiri su tsaya sahu ɗaya. Abin da ya kashe wannan ilmi shi ne mun bar shi a hannun gado kaɗai, sa'an nan muka rena masu gadon, har 'ya'yansu suka gudu daga gare shi.

Malamanta su zama tsofaffin makaɗa da tsofaffin matan da suka yi gaɗa a dandalin birnin nan. A ba su kujera, a ba su albashin wata, a kira su malamai. Garin da ya san darajar Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, bai kamata ya kasa gane gwani ba don kawai gwanintarsa a ƙafa take.

Mu ɗalibai, musamman na sashen Hausa da na wasan kwaikwayo, aikinmu shi ne mu zauna a gabansu da littafi da na'urar ɗaukar hoto, mu rubuta sunan kowane taku da Hausa, mu jera su daga mai sauƙi zuwa mai wuya, shekara bayan shekara, har a sami manhaja.

A kafa sharuɗɗa masu tsauri. Yaron da ba ya zuwa makarantar boko ko ta allo ba shi da wuri. Babu liƙi, babu roƙo, babu kai yara taron siyasa, babu tsayar da su a rana don jiran wani. A kwamitin amintattu a sa malaman Kona da na Juma, da iyaye mata, da wakilin fada, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kuɗi kuwa su fito daga karo-karon wata na ƙungiyoyin ɗalibai da ƙananan ma'aikata da 'yan kasuwa. A yi wa amintattun rajista bisa doka, kada kowa ya ci riba, ma'aji ya karanta lissafi a bainar jama'a kowace shekara.

Saura magana ɗaya, wadda na san tana bakin da yawa daga cikinku: mutane na fama da yunwa, kai kana maganar rawa? To, Ajangbadi ba unguwar masu kuɗi ba ce, Harlem ma haka. Talaka ba ciki kaɗai ba ne. Ku fita da la'asar ku zaga lungunan birni ku ga yaran da ke zaune a kan dakali ba abin yi, ku tambayi kanku wa ke jiransu. Mai sayar da ƙwaya yana jiransu, ɗan siyasar da ke neman 'yan banga yana jiransu. Yaron da ya saba zuwa wuri a kan lokaci, ya saba maimaita abu sau ɗari har ya daidaita, ya saba cafe ɗan'uwansa kada ya faɗi, an ba shi wani abu da ba a saye a kasuwa. Ban ce rawa za ta cika masa ciki ba, amma za ta koya masa cewa jikinsa amana ne, kuma gidansu ba kango ba ne.

Saboda haka ina kira ga majalisar ƙungiyar ɗalibai da ta sa wannan magana a ajandar zamanta na gaba, ta naɗa mutum biyar su shiga birni su nemo tsofaffin nan tun suna da ƙarfin nuna mana. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk damina sai ta tafi da wani bango na ganuwar nan, duk shekara kuma sai ƙasa ta rufe wata gyatuma da takunta. In muka yi sake, nan da 'yan shekaru jikokinmu za su nemi biza su tafi Amurka don su karanta yadda kakanninsu ke gaɗa, mu kuwa muna nan muna tafa wa 'ya'yan wasu. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Allah ya ba mu ikon gane namu tun bai zama labari ba, amin.